Kwalayen Kawu

Kawu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da mutanen gidan da kake haya. Yaya kunnen? Umma ta ce in tambaye ka ko kana saka na'urar da likita ya ba ka, ko har yanzu tana cikin gwangwanin maɓallai. Ita ma gwiwar da sauƙi, sai in ta daɗe a zaune. Ta ce da yayan nata yana jin waya da ta huta da ba ni saƙo. Na ce mata da kana jin waya da ni ban iya rubuta wasiƙa ba.

Ga bayanin littafin ƙudan zuma, yadda muka saba tun ina firamare: ka aiko, in karanta, in ba ka labarinsa, sannan ka aiko wani. A motar zuwa aiki na cinye rabinsa, sauran kuma a kanti. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, idan zafi ya yi yawa a cikin amya, wasu kan je su ɗebo ruwa, wasu su jeru a bakin ƙofa suna kaɗa fikafikai har ciki ya huce. Na so in karanta wa mai kantinmu wurin, domin fankarsa ɗaya ce a duk kantin maganin, ita ma shi kaɗai take kallo. Kai wane wuri ka fi so a ciki?

Aiki yana nan yadda ka san shi. Da safe in share, in goge kwalabe, in taɓa firij in ji ko ya kwana da wuta. Mata su yi ta zuwa da yara har azahar, daga nan sai ƙafa ta ɗauke. Wannan ɗan tsakanin kafin la'asar shi ne makarantata. Ina da 'yar kujera a bayan firij, in na zauna can mai kanti ba ya ganina sai ya miƙe, shi kuwa miƙewa ba ta cikin abubuwan da yake so.

Yanzu ga babban labarin. Ka tuna Farfesar da ta koyar da mu a shekarar ƙarshe, wadda na ce maka ba ta dariya sai an yi kuskure? Ta shigo sayen maganin tari, ta same ni da littafi a cinya. Ta dube ni ta saman tabarau ta ce, “Ke, har yanzu baɗi kike cewa?” Na rasa inda zan sa kaina, don tun da na gama jami'a nake cewa baɗi zan koma digiri na biyu. Ta ce bana ce shekararta ta ƙarshe ta ɗaukar ɗalibai, daga nan sai ritaya. In ina so ta kama hannuna, in rubuto mata tsarin bincikena, wato abin da zan bincika da dalilinsa da yadda zan yi, ta duba, in miƙa wa makaranta kafin ƙarshen watan jibi. In na wuce lokacin, ita dai babu ita.

Abin da nake so in bincika a gabana yake kullum. Akwai maganin yara da ake zuba wa ruwa a girgiza, a ce a ajiye a wuri mai sanyi. Uwa ta karɓa ta ce to, ta tafi gidan da babu firij. Ina so in auna in ga ƙarfin da yake raguwa a kwalbar kafin yaron ya shanye.

Ina murna, Kawu, amma ina jin tsoro. In na tuna waɗanda zan zauna da su a aji, sai in ji kamar ban karanta komai ba a duniya. Ka sa ni a addu'a.

'Yarka.

*

Uwata,

Wa alaikumus salam. Wasiƙarki ta zo hannun Sannu-Sannu direba, wanda har yau bai kunyata wanda ya raɗa masa sunan ba. Lafiya lau nake. Kunne yana nan inda injinan masaƙa suka bar shi. Ki gaya wa ƙanwata na'urar tana sa in ji kowa kamar daga cikin bokiti yake magana, ni kuma na fi son shiru da surutun bokiti. Ta riƙa ɗan tattaki da safe saboda gwiwar, kada ta ce sai ta warke.

Da na zo wurin maganar Farfesa, ajiye takardar na yi na fita ba takalmi, na tafi shagon Tela maƙwabcina. Na ce masa ya tsayar da keken, uwata za ta yi digiri na biyu. Ya ce wace uwar, ba ta rasu ba? Na ce mai sunanta, wadda ta maye mini gurbinta. Kafin rana ta faɗi duk layinmu ya sani, har da waɗanda ba mu gaisawa.

Labarin ƙudan zuma ya yi mini daɗi ƙwarai. Na ba Tela, na ba mai shayi, yanzu mai shayi in ya ga ƙudan zuma a kan sukari ba ya kora da ƙarfi. Ni duk wurin da kika so shi na so.

Amma kin faɗi wata magana da ta hana ni sukuni. Kin ce kamar ba ki karanta komai ba. 'Yar da tun tana tsayin tebur take karanta rubutun jikin kwalin sabulu? To, ko ma dai mene ne, wannan ciwon ina da maganinsa, ba sai a kantinku ba. Na je wurin mai tsofaffin littattafai na bakin tasha. Na ce masa wasa ya ƙare, waɗancan sirara da nake ɗauka ya bar wa 'yan makaranta, ya fito mini da manya. Ya shiga can ciki ya yi ta janyowa yana atishawa. Duk wanda na ɗaga na ji nauyinsa a kafaɗa sai in ce a sa a kwali.

Ga shi nan Sannu-Sannu zai kawo miki. Akwai na cututtukan dabbobi, tunda magani duk magani ne. Akwai na gina gada, akwai na taurari, akwai wani da hoton dattijo mai gemu a baya, ban san laifinsa ba amma ga alama ya san abin da yake faɗa. Dokar ɗaya bayan ɗaya na ɗage ta saboda lalura. Dokar bayani kuwa tana nan daram. Ina jiran labarin kowanne.

Allah ya yi miki albarka.

Kawunki.

*

Kawu,

Sallama da gaisuwa. Muna lafiya, alhamdu lillahi. Umma ta fara tattakin, tana zuwa har bakin titi ta dawo, sai dai duk wadda ta haɗu da ita a hanya sai sun tsaya, don haka bakin ya fi gwiwar motsi. Ni mura ce ta ɗan taɓa ni, ta wuce.

Kwali ya iso. Mutum biyu suka shigo da shi, ɗayan yana tambaya ko bulo ne. Na gode, Kawu, Allah ya ƙara girma. Umma ta tsaya a kansa ta riƙe haɓa ta ce, “Yayana bai taɓa yin abu rabi ba, sai dai ya yi biyu.”

Na gama na dabbobin. Ashe raƙumi ma yana ƙaiƙayi, kuma in ya kama shi sai ya yi ta goga jiki da bishiya har gashi ya zube. Ban san inda zan kai wannan ilimin ba, amma yana kaina. Na taurarin ya fi daɗi. Ya ce hasken da muke gani a sama wani ya daɗe da baro gidansu, har mai yiwuwa tauraron ya mutu hasken yana kan hanya. Na karanta wurin a mota, na ɗaga kai na ga mun wuce inda nake sauka. Dattijo mai gemu kuwa maganar mulki yake yi, jimla ɗaya sai ta ci rabin shafi, in ka kai ƙarshenta ka manta da wa aka fara. Ina binsa a hankali. Na gada yana jiran layi.

Yadda nake yi yanzu, littafinka ɗaya a jaka don mota, ɗaya a bayan firij don tsakar rana. Takardun bincikena na sa su a ƙarƙashin katifa don kada su yamutse, kuma gaskiya ba su yamutse ba, ko taɓa su ba a yi. In na dawo gida da yamma ga girki, ga shafa wa Umma magani a gwiwa, kafin in ce zan zauna idona ya yi nauyi. Farfesa ta aiko wata ɗalibarta ta tambaye ni ko alƙalamina ne ya ɓata. Na ce a ce mata ina kan karatu, kuma ban yi ƙarya ba.

Ɗakina dai ya cika, Kawu. Littattafai a kan gado, a kan akwati, a bakin ƙofa. Teburin da zan yi rubutu a kai ma ban ga fuskarsa ba tun da kwalin ya zo. In na shiga sai in rasa inda zan sa ƙafa, balle in zauna in rubuta wani abu nawa. Watan nan kuma ya kama hanyar ƙarewa.

Ka gaishe da Tela da mai shayi.

'Yarka.

*

Uwata,

Na amsa sallama. Sannu da mura, ki daina zama a bayan firij ɗin nan da gumi a jiki. Ni ƙalau, in ban da baya da yake tuna mini shekaruna in na sunkuya.

Maganar tauraron da ya mutu haskensa yana tafe ta tayar da gardama a wurin mai shayi. Tela ya ce ƙarya ce, wanda ya mutu ya mutu. Na ce masa 'yata ce ta faɗa, in yana da tasa 'yar mai digiri ya kawo ta. Sai ya ɗauki kofinsa ya shanye.

Na karanta kukanki, kuma na gane. Ke ba ki iya roƙo ba, halin mai sunanki ne, sai dai ta kewaya ta kewaya a gane da kai. Laifina ne da na aiko kaya ban aiko mazauninsu ba. Na sa kafinta ya yi miki kanta mai hawa biyar, katako mai kyau, ba irin wanda gara take karyawa da shi ba. A kwance zai zo, kowane katako na sa an yi masa alama, ga ƙusoshi a ƙulle a leda. Ku sami mai guduma ya haɗa. Da na auna da ido sai na ga littattafan da ke wurinki hawa biyu kawai za su ci, kanta kuwa ba ta kyau da giɓi. Shi ya sa za ki ga kwali na biyu tare da ita.

Kada ki damu da Farfesa. Duk malamin kirki yana son ɗalibi mai karatu. In ta ga kantar nan ita da kanta za ta ce a ba ki kujerar gaba.

Ina jiran ƙarshen dattijo mai gemu, da labarin gada.

Kawunki.

*

Kawu,

Assalamu alaikum. Ina fata bayan ya yi sauƙi. Mu muna lafiya. Kanta ta iso, an haɗa ta, ta tsaya cif a jikin bango. Kwali na biyu ma ya iso. Na gode.

Kawu, yau ba bayanin littafi na kawo maka ba. Na yi ta juya maganar nan a raina ina neman hanyar da ba za ta yi zafi ba, ban samu ba, don haka zan faɗe ta yadda take.

Shekaranjiya Farfesa ta kira ni ofishinta. Na roƙi mai kanti ya sake ni da azahar, na je da abin da na rubuta, wanda bai cika shafi biyu ba. Ta karanta a tsaye. Ta ce, “Ina sauran?” Na ce ina kan karatu. Ta ce, “Me kike karantawa? Nuna mini.” Na buɗe jaka, abin da ke ciki shi na fito da shi, littafin gina gada. Ta juya shi gaba da baya, ta yi dariyar nan tata. Sai kuma ta daina. Ta jawo wasu takardu daga aljihun tebur ta ce waɗannan su ne binciken da wasu suka yi a kan zafi da magani, tun ranar da muka haɗu ta ware mini su, tana jira in zo in tambaya. Ta ce akwai mutum biyu da suke son gurbin nan, ta hana su saboda ni. Ta ce, “Karatu ba ya ƙarewa, amma lokacin miƙa takarda yana ƙarewa. In ba ki shirya ba ki faɗa mini yanzu, kada in hana wani.”

Na fito ban san ta inda na bi na isa tasha ba. A mota na yi kuka, wata mata ta zaci rasuwa aka yi mini, har tana ba ni haƙuri. Kuma ba zan ɓoye maka ba, haushinka na ji. Na ji haushin kaina ma, domin na san littattafanka sun fi mini sauƙi. In ina karanta su ba wanda zai ce na yi kuskure. Rubutun nawa ne nake tsoro, sai na ɓuya a bayan kwalinka.

Ka yi mini afuwa, Kawu, ka daina aiko mini da littattafai. Ba kanta nake nema ba a waccan wasiƙar, lokaci nake nema, na kasa faɗa. Tun ina yarinya ban taɓa ajiye littafin da ka aiko ban karanta ba, ban taɓa barinka ba bayani ba, har ya zame mini kamar farilla. Yanzu ba zan iya ba. Kwali na biyu ban buɗe shi ba, kuma ba zan buɗe ba. Dattijo mai gemu da gada duk na rufe su a inda na tsaya. Karatun da ke gabana yanzu ba irin wanda ake zaɓa da nauyi ba ne.

Saura ƙasa da wata. Zan gwada.

'Yarka.

*

Kawu,

Sallama. Ina gaisuwa, ina kuma tambayar lafiyarka da gaske, ba don an saba ba. Sannu-Sannu ya zo ya koma, ya sake zuwa, duk lokacin da na tare shi a tasha sai ya buɗe hannu ya ce ba saƙo. Na ce ko ya gan ka? Ya ce ya hango ka a ƙofar gida kana zaune da wani abu a cinya, ya ɗaga maka hannu ba ka ɗago ba. Umma ta ce in ƙyale ka, in ka yi fushi haka kake, ba ka faɗa, sai dai ka yi shiru har mutum ya gwammace duka.

Na sake karanta abin da na rubuta maka a raina. Maganar zaɓa da nauyi ba ta dace ba, rashin kunya ce, ka yafe mini. Sauran kuwa gaskiya ce, ba zan janye ba.

Na rubuta tsarin. Da asuba nake tashi in yi kafin Umma ta farka, a kanti kuma in gyara. Mai kanti da ya ga na daina karatu na koma rubutu sai ya tambaya ko ƙararsa nake rubutawa. Farfesa ta mayar mini da shi sau biyu, jan biro ya fi baƙin yawa. A na uku ta karanta ta ce, “To.” A bakinta wannan kalmar babbar kyauta ce.

Ga kwafi na sa maka a ciki. Kullum kai kake aikowa in ba da bayani, wannan karon ni na aiko. Ka karanta ka faɗa mini abin da ka gani. Ranar ƙarshe ta miƙawa ita ce ƙarshen watan nan, amma ban son in kai shi alhali kana fushi da ni. Ba zan miƙa ba sai na ji daga gare ka.

'Yarka.

*

Uwata,

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Lafiyata ƙalau, ki kwantar da hankalinki, ki kwantar da na ƙanwata. Ki ce mata ta san ni da yawa, abin ya fara isata.

Zan fara da shirun. E, na ji zafi. Ranar da na karanta wasiƙar nan taki ta hana aiko littattafai ko shayi ban fita sha ba. Na ce yarinyar da na koya wa riƙe littafi ita take cewa in daina. Da ma na riga na fara tara kwali na uku, yana ƙarƙashin gado. Na jawo shi da niyyar in mayar wa mai shi, sai na ce bari dai in ga abin da ake kuka a kai. Na ɗauki ɗaya, na maganar ruwan sama, na zauna a ƙofar gida. Abin da Sannu-Sannu ya gani a cinyata ke nan.

Uwata, kin sha tambayata wane wuri na fi so a littafi, ni kuma na zaci wasa kike ja na da shi. Na ɗauka kin sani. Ni aji nawa na yi kafin a kai ni masaƙa? Wasiƙa ina karantawa, ina rubutawa, takardar asibiti ma ina lallaɓawa. Amma waɗannan littattafan ban taɓa karanta ko ɗaya ba. In duba bango, in duba hotuna, in ji nauyi, in aika miki. In wasiƙarki ta zo, a nan nake karanta shi. Abin da na sani na ƙudan zuma da taurari da ƙaiƙayin raƙumi duk daga bakinki ne. Shi ya sa ban san tsawon hanyar ba. A wurina littafi shafi biyu ne na rubutunki.

Wannan karon na bi da kaina. Kullum daga hantsi har rana ta kore ni, ina bi da yatsa. Duk tsawon shirun da kika ji, babin farko ban fita daga cikinsa ba. Na rufe na dubi kwalin, na tuna biyu irinsa na jibga miki, ga aiki, ga uwa mai ciwon gwiwa, ga Farfesa. Sai fushin ya koma kunya, kunyar kuma ta fi fushin hana rubutu.

Wasiƙarki ta ƙarshe ba ta zo da wuri ba. Motar Sannu-Sannu ta lalace a hanya, ta yi kwanaki a gareji da takardarki a aljihun gaba. Da ya kawo mini wata ya riga ya mutu, sabo ya kama. Na karanta har na zo inda kika ce ba za ki miƙa ba sai kin ji daga gare ni. Ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba, ko ranar da aka rufe masaƙa. Na ce shi ke nan, na kashe wa yarinyar nan karatu da bakin shiruna.

Kin dai ji yadda muka yi a waya, amma ba ki ga wannan ɓangaren ba. Na shiga shagon Tela yana tsakiyar ɗinki, na ajiye masa lambarki a kan keke na ce ya kira. Ina kallon bakinsa yana motsi, yana gyaɗa kai, yana cewa to, to, ni kuma ina jan rigarsa ina cewa me ta ce. Da ya gama sai ya kama kafaɗata ya sa baki a kunnen da ya fi dama, ya ɗaga murya har masu wucewa suka tsaya: “Ta miƙa.” Na ce ya sake faɗa. Ya ce kin jira har ranar ƙarshe, kin je tasha da safe ba ki ga kowa ba, kika wuce makaranta kika bayar. Ya ce kina kuka kina cewa a ba ni haƙuri, kin saɓa alkawari.

Na zauna a bencinsa. Na yi hamdala ban san adadi ba. Kuma tunda ke kin faɗa mini gaskiya, ni ma zan faɗa miki: a ƙarƙashin murnar akwai wani ɗan abu da ya soke ni, cewa kin iya ba tare da ni ba. Duka biyun na ji su, kuma murnar ta fi yawa nesa ba kusa ba. Haƙurin da kika bayar ki mayar da abinki, ba a bin ki shi. Da kin jira ni, da ban yafe wa kaina ba har in mutu.

Yanzu ga bayanina a kan tsarin binciken naki, tunda an ba ni aiki. Tsakiyar ta fi ƙarfina. Akwai kalmomin da Tela ma ya sa tabarau ya cire, ya ce ba da shi ba. Amma na bi su ɗaya bayan ɗaya ban tsallake ba, ko da ban san su ba na gaishe su na wuce. Farkon kuwa na gane shi sarai. Matar da ta sayi magani ta kai ɗakin da rana take dukan kwanonsa, ta ba ɗanta safe da yamma yadda aka ce har kwalba ta ƙare, jikin bai sauka ba, ta zauna tana zargin kanta ko ita ce ba ta iya ba. Ke kuma kina so ki auna ki gaya mata ko laifin zafi ne. Na san matan nan, gidan da nake haya cike yake da su. Abin da na gani ke nan, kuma ya isa a ba mutum kujera a kansa. Wannan shi ne dogon rubutu na farko da na karanta da idona daga farko har ƙarshe.

Ban san yadda suke zaɓe a can ba, ban kuma san yaushe za su amsa ba. In sun kira ki, ki haɗa kayanki ki tafi. Kada ki rubuto ki tambaye ni. Ki rubuto in kin isa.

Kawunki.